Ranar da Gwaggo Ba Ta Sha Ruwa Ba

"Baba, kar ka motsa. Abin da ka ji a haƙarƙarinka ba sifana ba ce."

Ƙarfe bakwai na safe ne, a bakin titin Farin Gada. Kasuwa ta cika maƙil, 'yan dako na ta kai-komo da buhunan kabeji, amma ba wanda ya ɗaga kai. Mutum biyu sun hau gaban babbar motar Malam Badaru kamar masu neman a rage musu hanya. Ɗaya dogo mai tabo a haɓa, shi ke riƙe da bindigar a ƙarƙashin rigar sanyi. Ɗayan gajere, sai gumi yake yi a sanyin nan na Jos.

"Koma baya ka kwanta," in ji dogon. "Rwang, ɗaure masa hannu ka kama sitiyari."

Aka tura Malam Badaru kan ɗan gadon da ke bayan kujeru. Rwang ya zauna, ya danna kuloci, ya saka giya, ya taka totur. Injin ya yi ruri. Motar ko gezau.

"Oga Ƙusa, ba ya tafiya fa."

"Saki birki mana, sakarai!"

"Na saki, Oga."

Daga baya aka ji murya cikin natsuwa, irin ta malami a aji.

"Birkinta na iska ne. Sai tanki ya cika take sakin ƙafa. Saura minti huɗu. Kuma don Allah ɗaga ƙafarka daga totur, injin bai gama ɗumi ba."

Haka 'yan fashi biyu riƙaƙƙu suka zauna da bindiga a hannu, suna kallon allurar iska tana hawa kamar hawainiya. Wata mai tallan kunu ma ta leƙo ta tambaya ko za su sha.

Duk wanda ya san hanyar Jos zuwa Zariya ya san Malam Badaru da motarsa, wadda yake kira Gwaggo. Shekara ashirin da biyu suna tare. Shi ne mai ita, shi ne direbanta, shi ne likitanta. Bakanike bai taɓa sa hannu a injinta ba sai yana tsaye a kansa yana gyara masa riƙon sifana. Da kunne yake gane cutarta, da hanci yake gane abin da ta ci. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya yin shiru. Ka gaishe shi ka ce yaya mota, to ka nemi wurin zama. An ce ya taɓa tsayar da ɗaurin aure don ya ji janareto na tari.

Iska ta cika, birki ya yi tsaki, Gwaggo ta ɗaga. A bayansu wata ƙaramar mota ja ta biyo, cikinta na ukunsu ne, Nnadozie, mai gadin baya.

Rwang direban tasi ne kafin ya shiga wannan sana'a, kuma tuƙin tasi yake yi. Ya nemi giya ta uku, akwatin giya ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"Wayyo," in ji Malam Badaru. "Ɗana, sau biyu ake taka kuloci. Taka, fitar, saki, sake takawa, sannan ka saka. Ba budurwa ba ce, tsohuwa ce, lallaɓa ta ake yi."

"Baba, rufe mana baki."

"Na rufe. Amma dubi madubi, ka ga baƙin hayaƙin nan? Gas ya yi mata yawa, iska ta yi kaɗan. Kana ɗura mata abinci ba ta haɗiye na baki ba. Sauko giya ɗaya."

Rwang ya sauko giya ɗaya. Hayaƙin ya washe.

"Kai, Oga, tsohon nan ya san abu fa."

Ƙusa ya juyo da bindigar. "Baba, ka san fashi muke yi maka ko?"

"Na sani. Dankalin da ke baya ku kwashe, Allah ya isa tsakanina da ku. Amma ita ba ta yi muku laifin komai ba."

Ƙusa ya yi dariya har tabon haɓarsa ya motsa. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya juya wajen taga, ya kare baki da hannu, ya yi ƙasa da murya. A ganinsa rurin injin ya rufe maganarsa. Bai san kunnen da ke bayansa yana jin noti guda in ya kwance a cikin wannan rurin ba.

"Muna hanya. Dankalin banza, wa ke ta dankali? Injin ka ce kana so, za a sauke maka shi lafiya lau, sauran a yanka. Eh, a tsohon ramin haƙar kuza, bayan unguwar Mista Ali." Ya ɗan saurara. "Mai motar? Ya ga fuskarmu ai. Ruwan ramin yana da zurfi."

Tsoro ne ya kama Malam Badaru, tsoro sosai. Ya tuna matarsa Kausar a Rikkos, da ta ce ya taho mata da albasa in zai dawo. Ya yi salati a zuci.

Sannan ya tuna ruwa.

Famfon ruwan Gwaggo ya fi shekara yana ɗiga. Ba mai yawa ba, amma in ta yi tafiya da kaya daga Farin Gada zuwa Mista Ali, ruwan lagireto ya sauka rabi. Don haka duk ranar da ya fito, sai ya tsaya a bakin rijiyar burtsatse da ke kusa da shingen 'yan sanda, ya bar injin ya huce, ya shayar da ita jarka guda. Allurar zafin kuwa ta mutu tun shekarar da aka haifi autarsa, kullum tana kwance a kan sanyi. Shi bai taɓa bukatarta ba.

Ƙusa ya ajiye waya ya waiwayo da fara'a.

"Baba malamin mota, ga shinge can gaba. Za mu lulluɓe ka da bargo, ka yi tari ka mutu. Kafin nan, akwai wani abu da ya kamata direbana ya sani? Ba na son ta ba mu matsala."

Maganar ta zo har bakin Malam Badaru. Shekara ashirin da biyu bai taɓa barin ta da ƙishi ba. Amma in ya faɗa, za su wuce shingen su tsaya a wani rafi su ba ta ruwa, ita kuma ta kai shi bakin ramin nan da ƙarfinta. In ya yi shiru, ba za ta kai ba.

"Babu komai," ya ce. "Lafiyarta ƙalau."

Bargo ya rufe shi.

A shingen, Sufeto Angela Pwajok na zaune a kan benci tana shan shayi. Ta hango Gwaggo tun daga nesa, ta yi ajiyar zuciya. Duk Talata sai Malam Badaru ya cika jarkarsa, sannan ya zagaya motar sintirinsu ya yi mata huɗubar rabin awa a kan baƙin mai. Ta ce wa kofur ɗinta, "Ga Baban Gwaggo nan. In ya tambaye ni, ka ce ina waya."

Gwaggo ta iso, ta rage gudu, wani hannu ya ɗago daga taga, ta wuce. Jar mota ta bi ta.

Angela ta bi su da kallo, ta dubi rijiyar, ta sake duban titi. Ta ajiye kofin.

"Kofur, ya tsaya shan ruwa?"

"Bai tsaya ba, Madam. Yau mun huta."

"Mutumin nan zai manta sunan kansa, ba zai manta ruwan motar nan ba. Kuma ka ji yadda aka sa giyan? Ba hannunsa ba ne. Ku tashi!"

Motar sintirin sai da aka tura ta kafin ta tashi. Baƙin man nan dai da aka yi ta faɗa.

Can gaba Rwang ya saki kwalta ya kama wata hanyar ƙasa mai hawa tudu, tsakanin duwatsu da gonakin kabeji. Ƙusa ya yaye bargon.

"Baba, ka yi shiru. Ko ka yi fushi da mu?"

Malam Badaru saurare yake yi. Ya fara jin ƙaurin, irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone. Ya ji muryar injin ta sauya, ta bushe, ta koma sama. Ya ji wani siririn fito daga wajen lagireto. Kowace ƙara ya san sunanta, ya san maganinta, kuma maganin yana nan a jarka bayan kujera, kusa da ƙafarsa. Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro masa cikin kunne.

"Oga, ƙarfinsa yana raguwa."

"Dubi allurar zafi."

"Yana kan sanyi, Oga."

"To taka!"

Rwang ya taka. Gwaggo ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Ta ja dankalin nan har tsakiyar tudu. Sai ƙwanƙwasa ta fara daga ciki, kaf-kaf-kaf, tururi ya turnuƙe gilashi, ta yi shaƙuwa sau biyu ta tsaya.

Rwang ya dire, ya ɗaga bonet, ya kai hannu kan murfin lagireto. Malam Badaru ya buɗe baki, hali zanen dutse, sai ya cije leɓe. Murfin ya yi sama, tururi ya biyo shi. Rwang ya ƙwalla ƙara ya faɗi yana yarfe hannu.

Ƙusa ya finciko Malam Badaru ƙasa, ya yanke igiyar hannunsa, ya jawo jarkar. Mata masu ban-ruwa a gonar kabeji sun miƙe suna kallo, don haka ya ɓoye bindigar a gefen cinya.

"Baba, ba na wasa yanzu. Ruwa take so ko? A zuba?"

Malam Badaru ya dubi injin. Ƙarfen sai rawa yake yi don zafi, amma bai mutu ba. A bar shi awa guda ya huce, a zuba ruwa a hankali, gasket, ɗan faifan da ke toshe bakin injin, shi kawai zai tafi, Gwaggo za ta tashi. Ramin kuza kuwa yana bayan tudun nan, har yana hango jar ƙasar bakinsa. Ruwan jarkar ya kwana a sanyin Jos. Ko yaron mota na sati ɗaya ya san abin da ruwan sanyi ke yi wa ƙarfe mai zafi.

"Zuba," ya ce. "Duka, lokaci ɗaya."

Ƙusa ya tuntsura jarkar cikin lagireto.

Ƙarar ba ta da girma. Ƙas, kamar an taka busasshen kara. Sai ruwa mai haɗe da baƙin mai ya fara zuba ta ƙasa yana bin gangare.

"Mene ne wannan?"

"Injin da za ka sayar ne. Ya tsage."

Kafin Ƙusa ya ɗaga bindiga, jiniya ta taso daga ƙasan tudu. Nnadozie, da ya tsaya a baya cikin jar mota, ya leƙo ya ga ƙura. Ƙusa ya ruga wajensa.

"Dozie! Buɗe ƙofa!"

Nnadozie ya danna makulli ta ciki. Ya zagaye Gwaggo ta cikin kabejin mutane, ya ba jar motar wuta, ko waiwaye bai yi ba. Ƙusa ya harba masa biyu, ya juyo ya harba ɗaya wajen 'yan sanda. Aka mayar masa. Ya zube riƙe da cinya, bindigar ta yi tsalle cikin kwata.

Rwang kuwa daga ƙarƙashin mota aka zaro shi. Tun ba a tambaye shi ba ya faɗi sunan Nnadozie, da unguwarsu, da sunan mai sayen injin, har da launin ƙofar gidansa. Ba a ma sha wahalar kama Nnadozie ba, hanyar a bakin ramin ta ƙare, a can aka tarar da jar motar ta kafe cikin laka.

Angela ta sami Malam Badaru tsaye, tafin hannunsa a kan bonet.

"Baba, sun ji maka ciwo?"

"A'a."

"Mun gode Allah. Mota ai ana gyarawa. Me ya same shi?"

Ta gyara tsayuwa, ta shirya wa rabin awa.

"Ƙishirwa," ya ce. "Ni na hana ta ruwa. Da ta nema kuma na ba ta wanda ya kashe ta."

Bai ƙara ba. Ya san irin wannan tsagewar ba ta ɗinkuwa, kuma injin irin nata an daina kawowa. Ya zare makullin, ya ɗauki bargonsa da butarsa, ya ce a kira masu dankalin su turo wata motar kafin rana ta taɓa shi.

Aka sa shi a gaban motar sintiri, tsakanin Angela da kofur. Suka gangaro tudun, suka hau kwalta, suka wuce rijiyar burtsatse. Bai dube ta ba. Angela ta yi ta satar kallonsa. Shekara uku tana addu'ar mutumin nan ya yi shiru, yau ya yi, kuma abin ya dame ta ƙwarai.

Sai da suka kusa Farin Gada ya ɗan karkata kai gefe, kamar mai jin kira daga nesa. Ya share ido da bakin hannun riga.

"Sufeto."

"Na'am, Baba."

"Fambel ɗin injinku yana kuka. Ba zai kai Juma'a ba."

Angela ta dubi kofur. "Faka a nan," ta ce. "Buɗe masa bonet."