Tutar Kaftin Zahari

A kasuwar tsofaffin kaya ta Plovdiv Rayna ta fara ganinsa, wata safiyar Lahadi. Ta ɗauki wata 'yar tutar ƙwallo mai kusurwa uku, irin wadda kaftin biyu ke musaya kafin a take wasa, tana shirin saya wa mahaifinta, sai ta ji murya a bayanta.

"Da ni ne ke, da na ajiye ta. Takalmina ma ya girme ta."

Ta waiwaya. Dogon saurayi ne mai tabarau, yana ta murmushi kamar ya san ta.

"Wa ya tambaye ka?"

"Babu kowa. Amma taɓa gezar ki ji, nailan ce. A shekarar da aka rubuta a jikinta da siliki ake yi."

Mai kayan ya galla masa harara, ita kuwa dariya ta ƙwace mata. Sunansa Boyan, malamin tarihi a sakandare, kuma tun yana yaro yake tara tutocin tsofaffin kulob-kulob, har sun haura ɗari huɗu. Kofi ɗaya suka ce za su sha a bakin kogin Maritsa, sai ga shi sun sha uku.

Daga nan waya ba ta huta ba. Da ya ji mahaifinta ya taɓa riƙe kaftin na kulob ɗin masaƙa, sai ya laƙaba mata 'Yar Kaftin. Ita kuma ta sa masa Rafali, don ba ya ganin kuskure ya yi shiru.

"'Yar Kaftin, yau na duba tuta goma sha biyu, duk fuskarki nake gani."

"To a sauya maka tabarau, Rafalina."

Bayan wata biyar ta kai shi gida. Mahaifiyarta Donka ta gasa banitsa, wainar fulawa mai cuku, mahaifinta Zahari kuwa, wanda ake kira Bai Zahari don girmamawa, bai bari an gama ci ba ya ciro dukiyarsa daga bango. Shuɗiyar tuta ce da kaftin ɗin wani kulob na Italiya ya miƙa masa hannu da hannu a 1986. Duk unguwar babu wanda bai ji labarin wasan nan ba.

"An ce kai masani ne. To ga ta, faɗa mini abin da ka gani."

Boyan ya juya ta, ya bi ɗinkin da yatsa. Rayna ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Bai Zahari, aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma ba a Italiya aka yi ta ba. Nasu na keken ɗinki ne, wannan ɗinkin hannu ne, kuma zaren na nan garin ne."

"Wato ni maƙaryaci ne."

"Ban ce haka ba."

"Ga ƙofa can."

Washegari tsohon ya kira Kiril, ɗan tsohon abokin wasansa, mai shagon kayan tarihi, wanda ya daɗe yana zarya saboda Rayna. Kallo ɗaya Kiril ya yi wa tutar ya rantse ta asali ce. Daga ranar ya samu kujera a teburin gidan duk Lahadi.

Rayna ta rubuta wa Boyan: "Kalma ɗaya kawai za ka haɗiye. Ka fi son a ce ka iya a kan ka same ni."

Ya amsa: "Ina sonki fiye da duk abin da na tara. Amma idan na shiga gidanku da ƙarya, da me zan zauna a ciki?"

Ta kife wayar. Mako uku tana zuwa aiki kantin magani tana dawowa kamar marar lafiya.

Wata Asabar ita da mahaifiyarta suna yanka barkonon gashi a kicin, hawaye ya zubo mata. Donka ta ajiye wuƙa, ta goge hannu, ta leƙa falo.

"Zahari, zo ka zauna. Yaron nan gaskiya ya faɗa."

Ta ce tana amarya, wata biyu da aure, ta ga tutar ta yamutse, ta ɗora mata dutsen guga, sai tsakiyarta ta ƙone ƙurmus. Shi yana sansanin horo a lokacin. Kwana goma sha tara ta yi tana ɗinka sabuwa, tana kwaikwayon kowane harafi da allura, don kada ya dawo zuciyarsa ta karye.

"Na yi ta jiran ranar da zan faɗa maka, har na tsufa. Amma ba zan bari 'yata ta biya kuskurena ba."

Bai Zahari ya ɗauko tutar, ya kai ta bakin taga, ya ƙura wa ɗinkin ido.

"Kwana goma sha tara," ya ce a hankali. "Shi ɗan Italiyan ko sunana bai tambaya ba."

Ya mayar da ita bango da kansa, ya daidaita ta, sannan ya dubi 'yarsa.

"Kira wancan mai bakin. Kiril kuwa ya nemi wani teburin."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Rafalina, ka yafe mini. Baba ya ce ka zo, kuma ka zo da yunwa."

"Ina kan hanya, rabin raina. Ko jan kati ne zan karɓa."

A watan Mayu aka ɗaura auren a cocin unguwarsu. Mahaifiyar Boyan ta sa wa amarya da ango burodi da zuma a baki, tsofaffin 'yan wasan masaƙa suka shiga rawar zagaye duk da ciwon gwiwa. Da aka natsa, Bai Zahari ya miƙe, ya kama hannun 'yarsa ya saka a na Boyan.

"Ɗana, ga ta nan. Ka riƙa faɗa mata gaskiya, amma ka bari ta gama cin abinci tukuna. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ku tsufa tare kamar ni da wannan matar."

Ya juya yana neman Donka, ashe tana gefensa, ta riga ta riƙe masa ɗaya hannun.