Tutocin Maharazu

Takalmanta ya fara gani, don yana kwance ƙarƙashin tebur yana ɗaure wata waya da ɓera ya ci.

"Salamu alaikum. Nan ne ake ba da sanarwa?"

Maharazu ya fito da sauri har ya buga kai. Doguwa ce, da mayafi ruwan toka. Ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na kan allon kwamfuta.

"Wa ya rubuta wannan shirin na kwamfuta?" ta tambaya.

"Ni ne."

"Wace lakol ka yi?"

"Aji uku na kolej na gudu," ya ce yana shafa ƙeya. "Saura a siber, shagon intanet na Maraɗi, na tsince shi."

Sunanta Ummuhani, 'yar Alhaji Ɗanmaraya na Cadawa, ta gama karatun kwamfuta a Maraɗi. Shekarar ce sojoji suka yi alkawarin mayar wa farar hula mulki, mahaifinta kuma yana neman kujerar kansila, shi ya aiko ta da sanarwar taro zuwa Rediyo Albarkar Noma da ke Agiye.

Aikin Maharazu a gidan shi ne kula da tsohuwar kwamfuta guda ɗaya tilo, wadda duk muryar da ke fita sai ta bi ta cikinta. Ya haɗa mata wata tsohuwar salula, ya rubuta ɗan shirin da ke karɓar saƙonnin masu saurare yana nuna wa mai gabatarwa. Shirin a cikin kanel yake zaune, wato uban gidan kwamfuta, mai raba wa kowane aiki wuri a ma'adanarta. Duk aikin da ya zo neman wuri sai ya ɗaga tuta, alamar da ke faɗin yadda za a ba shi: ko zai iya jira, ko gaggawa yake yi, ko a share masa wurin tukuna, ko a taɓa masa ajiyar ko-ta-kwana.

Ummuhani ta bi layukan da yatsa.

"Tutoci iri bakwai? Kuma kana ta cuɗa su. Ka san inda kowace take?"

"Kamar tafin hannuna."

"Biyu sun ishe ka."

"Mai biyu ai koyo yake," in ji shi, da ɗan ɗaga kafaɗa.

Ta yi murmushi, ta biya sanarwarta ta tafi. Da la'asar saƙo ya shigo salular gidan rediyo, ba na gaisuwar masu saurare ba:

"A gaishe da injiniyan ƙarƙashin tebur. Ya kan?"

Ya kwafe lambar a wayarsa.

"Kan ya warke. Wani wurin ne ya kamu."

"Allah shi sawwaƙe. Babu likita a Cadawa."

"Akwai. Na gan ta da mayafi ruwan toka."

Daga nan hanyar Cadawa ta san babur ɗin Maharazu. Shi da kafin gidan rediyo bai taɓa wata shida a aiki ɗaya ba, ya yi gyaran salula, ya yi kabu-kabu, ya yi tallan kaset a Gazawa, sai ga shi yana zama tabarmar zauren Alhaji tun la'asar har kiran magariba. Ya ce mata Ummuna, ta ce masa Mai Tutoci. Kafin sanyi ya kankama, magabatansa sun je gaisuwa, Alhaji ya karɓi goro ya ce a bari zaɓe ya wuce.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba: Balarabe, ɗan ƙanwar Alhaji, mai jagorantar yaƙin neman zaɓensa. Ya daɗe da sa ran Ummuhani tasa ce.

Dokar lokacin ta ce kowane ɗan takara a ba shi fili daidai da na ɗan'uwansa a rediyo. Ranar Alhaji ta zo, ya zauna gaban makirfo da babbar riga, ya fara zancen rijiyoyin da zai gyara. Bai kai rabi ba, muryarsa ta ɗauke. Kwamfuta ta sandare, ba gaba ba baya. Kafin Maharazu ya kashe ya kunna, lokaci ya ƙare.

Aka ce tsautsayi ne. Sauran 'yan takara suka zo suka yi nasu lafiya lau.

Mako na gaba Alhaji ya dawo. Ta sake ɗaukewa.

Balarabe ya miƙe a tsakar gidan rediyo, gaban mutane.

"Kawu, wanga abu ba na Allah da Annabi ba ne. Baffan yaron nan wa yake bi? Ba abokin hamayyarka ba? Shina cin tuwonka, shina yanke maka harshe."

Gaskiya ne baffan Maharazu yana ɗaya ɓangaren. Alhaji ya dubi Maharazu, ya gyara hula, ya shiga mota. Washegari aka mayar da goro.

Malam Ayuba, shugaban gidan rediyon, ya kira shi buro, wato ofishinsa.

"An kai ƙara, Maharazu. In ta sake ɗaukewa ran Asabar, zangon ƙarshe, rufe mu za a yi. Kai kuma jandarma za su nemi ganinka."

"Malam, wallahi ban taɓa kome ba."

"Na yarda. To mi ya sa shi kaɗai?"

Maharazu ya koma gaban kwamfuta. Kwana biyu yana karanta layukansa, tutocin da yake taƙama da su suka zame masa kamar zaren da kaza ta tona. Kowane wuri da irin haɗinsa, ya kasa tuna dalilin rabinsu.

Sai saƙonta ya shigo.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Baffanka ya yi maka magana?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Kowa ya zarge shi bai ji zafi haka ba.

"Tunda har kin tambaya, ba sauran magana. Akwai motar Agadas ran Juma'a. Ki huta lafiya."

Ya kashe wayar, ya cusa kaya a jaka. Mahaifiyarsa Mero tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ba ta ɗaga kai ba.

"Haka ka bar lakol. Haka ka bar shagon Gazawa. In ka tahi yanzu, ka sa hannu kan abin da suka ce ke nan."

Da safiyar Laraba ya je gidan rediyo ɗaukar kayan aikinsa. Ya tarar da Ummuhani zaune a kujerarsa, da salular gidan a hannunta, idanunta sun kumbura.

"Tambaya na yi, ban yanke hukunci ba," ta ce. "Ubana ne fa. Zauna."

Ya tsaya.

"Zauna, Maharazu, ka ga wani abu."

Ta nuna masa saƙonnin da suka shigo ranar da sauran 'yan takara suka yi magana: ɗai-ɗai, kamar yayyafi. Ta nuna masa na ranakun Alhaji. Ba su da iyaka, duk a lokaci guda, kusan duk kalma ɗaya: Sai Alhaji.

"Yaya Balarabe ne ke raba wa samari katin waya," ta ce. "Ya ce da Baba ya buɗe baki su yi ta aikowa, don a ji shina da jama'a. A gidanmu ake rabon, ina gani."

Maharazu ya zauna a hankali. Abin ya fara bayyana gare shi. In saƙo ya shigo, kanel yakan ajiye duk abin da yake yi ya tare shi, kuma a wannan ɗan lokacin ba a yarda kowa ya jira ba. In akwai wuri a ma'adana, ko tutar da ka ɗaga ba daidai ba ce, za a ba ka ka wuce. In wuri ya ƙare kuma ka ɗaga tutar mai jira, sai ka kwanta jira a bakin ƙofa, ka tare kowa, har muryar da ke kan iska.

"A wani wuri na sa tutar jira inda ba a jira," ya ce. "Amma ina? Wuraren sun fi a ƙirga. Ba zan gano ba kafin Asabar."

"Kar ka nema. Zubar da su duka."

"Aikin shekara guda ne, Ummu."

"Na sani. Ƙofa biyu za mu yi. Duk abin da ke aiki lokacin shigowar saƙo, ta ƙofar gaggawa zai nemi wuri. In babu, a yar da saƙon, a wuce. Saura duka ta ƙofar jira. Ba wanda zai sake zaɓar tuta da kansa."

"A yar da saƙon mutane?"

"Gara saƙo ya ɓata da gidan rediyo ya mutu."

Ya dubi allon. Nan ne kaɗai wurin da ya taɓa jin ya fi waɗanda suka gama lakol. Ya ajiye kwafin tsohon a gefe, ya fara gogewa.

Wuni biyu suka yi, Malam Ayuba na zaune bakin ƙofa da rediyonsa don kar a sami abin faɗa. Ita tana karanta masa, shi yana bugawa. Suka yi musu, suka shirya. Motar Agadas ta tashi ba tare da shi ba.

"Amma ko ta yi aiki," in ji shi ran Juma'a da yamma, "Balarabe cewa zai yi tsoro na ji na daina."

"To a fara nuna musu tsohon," ta ce.

Ran Asabar Alhaji ya iso da wuri, don Malam Ayuba ya roƙe shi. Fuskarsa ba walwala. Maharazu ya durƙusa ya gaishe shi, bai amsa da kyau ba.

"Ranka shi daɗe, alfarma ɗaya. Tsohon shirin ne a kai yanzu, waƙa ce ke tahiya. Zan zauna nan gindin bedi kusa da kai, ba zan taɓa kome ba. Yaya Balarabe shi sa yaransa su aiko, kamar yadda suka saba."

"Wane yara?" in ji Alhaji.

Balarabe ya yi tari. "Magoya baya ne, Kawu. Ƙarfafa su kawai nike yi."

"Kira su."

Balarabe ya buga waya ba da son ransa ba. Suka zauna. Rediyon Malam Ayuba na ta waƙa a kan tabarma. Maharazu ya ɗora hannuwansa kan gwiwoyinsa. In hasashensu ba daidai ba ne, waƙar za ta ci gaba, shi kuma ya gama yawo. Baiti ya wuce. Wani ya wuce. Balarabe ya fara murmushi.

Sai waƙar ta yanke a tsakiyar kalma.

Alhaji ya dubi rediyon, ya dubi hannuwan Maharazu da ke kan gwiwoyinsa, sannan ya juya ga ɗan ƙanwarsa.

"Ashe da katina ake rufe mini baki."

"Kawu, ni ban sani ba..."

"Na san ba ka sani ba. Amma ka san yadda ake ɓata sunan ɗan mutane." Ya juyo ga Maharazu. "Kai kuma, ashe ba mugunta ba ce, rashin iyawa ce."

"Haka ne, ranka shi daɗe. Kuskurena ne. Ummuhani ta gano, mun gyara."

"Za mu gani. Balarabe, kar ka hana su. Su ƙara ma."

Aka ɗora sabon shirin. Alhaji ya zauna gaban makirfo, jar fitila ta kama. Saƙonni suka taso kamar ruwan Agusta. Maharazu na tsaye bayan gilashi yana ganin ma'adana tana cika, tana cika, har ta kai baki. Ummuhani ta damƙe gefen mayafinta. Layi ya fito a allo: an yar da saƙo. Wani ya biyo. Wani kuma. Muryar Alhaji na nan tana zuba, ya gama rijiyoyi, ya shiga takin zamani, ya gangara hanyar kasuwa, ya yi addu'a ya rufe da kansa.

Da ya fito, ya tsaya gaban Maharazu yana share fuska.

"An ce ka ɗaure jaka za ka Agadas."

"Na kwance ta."

"Ɗiyata ba jaka ba ce da ake ɗaurewa a kwance. In na ba ka, zama za ka yi."

"Zan zauna, Baba."

Alhaji ya ji kalmar, bai hana ba. "Ka gaya wa baffan naka shi dawo da goron. Shi bar siyasarsa a ƙofar gida."

Maharazu na hawa babur wayarsa ta yi ƙara.

"Baba na ta ba mutane labari a mota, har ya ce shi ya gano matsalar. Ka ci abinci, angona."

"Bar masa. Ni na sami abin da ya fi. Allah shi bar mini ke, Ummuna."

Bayan zaɓe da 'yan makonni aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji a Cadawa. Baffan Maharazu ne ya karɓa masa, shi da Alhaji suka zauna tabarma ɗaya suna yi wa juna tsiya kan ƙuri'u har liman ya yi gyaran murya. Balarabe ya zo daga baya, ya miƙa wa ango hannu, ya ce Allah shi sa alheri.

Da aka kawo amarya Agiye, Mero ta tare ta a bakin ƙofa da ƙwaryar fura. Ta kama hannunta ta ɗora a kan na ɗanta, ta riƙe su duka biyu da ƙarfi.

"Tun shina rarrafe nike binsa ban kama shi ba," ta ce. "Ke kin kama. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin magana, shi sa mutuwa ce kaɗai za ta raba."

Matan da ke tsakar gida suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Ummuhani ta matse yatsunsa a ƙarƙashin mayafi, Maharazu ya sunkuyar da kai, ya ce amin a hankali.