Gem Mai Ƙonannen Gefe

"A ina ka samo wannan?"

Lailatu ce ta tambaya, tana ɗaga abin da ta ɗauko daga ƙarƙashin tsumma.

Abdulfattah ya ɗago daga teburin gyaransa, ƙarfen dalma na hayaƙi a hannunsa. Yana ganin abin da ta riƙe fuskarsa ta sauya.

"Laila... ajiye shi don Allah."

"Na ce a ina ka samo shi!"

Ɗan ƙaramin gem ne mai gilashinsa, bai fi tafin hannu ba, irin wanda ake zuba wa wasannin da ake yi a talabijin tun muna yara. Shagon cike yake da irinsa, domin sana'ar Abdulfattah ke nan a bakin kasuwar Birnin Gwari: ya sayo su, ya buɗe cikinsu, ya sa batir mai ƙarko, ya ƙara wasanni a memori har mutum ya rasa wanda zai zaɓa. Amma wannan ɗin ko a cikin dubu Lailatu za ta gane shi. Gefensa na hagu a narke yake, ita ta ƙona shi da dutsen guga ranar da suka yi faɗa da yayanta Habibullahi a kan wa zai fara yi.

Kuma yana cikin jakar Yaya Habibu ranar da ɓarayin daji suka tare motarsu a hanyar Kaduna.

"Wata biyar ya yi a hannunsu," ta ce a hankali. "Ya dawo daga shi sai wandon jikinsa. To ta yaya kayan da ke daji ya zo shagonka?"

"Ba zan iya faɗa miki ba."

"Ba za ka iya ba?"

"Na yi rantsuwa, sanyin idona. Ki ba ni kwana uku kacal..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan!"

Ta juya gem ɗin. An huda bayansa, wasu wayoyi biyu dogaye sun fito kamar jelar ɓera. Ta ajiye shi ta fice, ko kular abincin da ta kawo masa ba ta waiwaya ba.

A shekarar nan zargi ya fi shinkafa araha a garin. An katse sabis ɗin waya saboda masu kai wa ɓarayi rahoto, kowa na kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. Kalmar infoma kuwa in ta hau kan mutum, ko iyayensa sai sun yi dabara kafin su ce nasu ne.

Duk hanyar gida Lailatu tana haɗa abubuwan da zuciyarta ta daɗe tana turewa. Wa ya san ranar da Yaya Habibu zai yi tafiya? Abdulfattah, don shi ya ba shi saƙon kayan gyara. Wa ake gani yana hawa dutsen bakin daji da hantsi, waya a hannu? Abdulfattah. Yakan ce sabis yake nema ya koyi wani aiki. Wane aiki ne ba a koyonsa sai a bakin daji?

Tana sonsa, wannan ba abin musu ba ne. An yi gaisuwa, an sa rana, abin da ya sami yayanta ne ya sa aka ɗaga. Son ne ma ya sa zargin yake cinta kamar barkono a ido.

Ta shiga gida ta zube a gaban Umma tana kuka. Ta faɗa mata komai, ba ta ko duba wanda ke zaune a bakin rumfa ba.

Mu'azu ne, ɗan yayan Baba, ɗan sa-kai, wanda ya nemi aurenta sau biyu tana ce masa ita a matsayin yaya ta ɗauke shi. Ya ajiye kofin kunun da ke hannunsa a nutse, ka rantse ba daɗi ne ya kama shi ba.

"Ai na daɗe ina faɗa," ya ce. "Mutumin da ba shi da aiki sai buɗe cikin na'ura yana cusa wayoyi? Kun san abin da yake haɗawa a ciki? An yanke sabis, amma su mutanen daji kullum labari na isa gare su."

"Yaya Mu'azu, ni ban ce..."

"Kin gama naki, ƙanwata. Saura namu."

Bayan la'asar ta ji hayaniya a ƙofar gida. Ta leƙa ta zaure.

Su Mu'azu sun kawo Abdulfattah. Hannayensa a ɗaure ta baya, leɓensa a fashe, rigar da ta yi masa aiki a wuya ta yage. An ajiye gem ɗin a kan tabarmar Baba, tare da wasu fedoji biyu na keken ɗinki da aka kwaso daga shagon. Jama'a sun yi da'ira.

"Abdulfattah," in ji Baba, muryarsa a dakushe. "Na ɗauke ka ɗa. Ka faɗa mini yadda kayan ɗana ya zo hannunka."

"Baba, wallahi ban taɓa cutar da Habibu ba."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Ita ce kaɗai zan iya faɗa."

Kai, taurin kai irin na mutumin nan! Ana maganar ransa yana maganar rantsuwa.

Mu'azu ya gyara rataye bindigarsa. "Baba, ka bar mu da shi. Mu ɗan taka da shi bayan gari, zai yi bayani."

Babu wanda bai san ma'anar bayan gari ba. Waɗanda aka taka da su can, takalmansu kawai ake mayarwa gida.

A lokacin Abdulfattah ya hango ta a bakin zaure. Bai harare ta ba, bai roƙe ta ba. Kallonta kawai ya yi, irin kallon da yake mata in ta zo da fushi yana jira ta huce. Ita ta kunna wutar nan, kuma har yanzu ba ta san ko mai laifi ta tona ko marar laifi ta kashe ba.

Ta ruga ɗakin Yaya Habibu.

Wata biyu ke nan da dawowarsa, bai taka ƙofar gida ba. Yana zaune fuskarsa a bango, hannunsa na dama a cikin riga. Igiyar da suka ɗaure shi da ita ta kashe masa yatsun, ko cokali ba ya riƙewa. Magana kuwa daga "to" sai "a'a".

"Yaya Habibu!" Ta durƙusa a gabansa. "An kama Abdulfattah. An ce shi ya sayar da kai. Gem ɗinka na gani a shagonsa, mai ƙonannen gefen nan, ni na faɗa... Za su tafi da shi bayan gari, ya ƙi magana, wai ya yi rantsuwa. Yaya, in ka san wani abu, don girman Allah..."

Ya juyo. Rabon da ya kalle ta ido cikin ido har ta manta.

"Bai ƙona ba?"

"Me?"

Ya dafa bango ya miƙe, ya wuce Umma da ke tsakar gida baki buɗe, ya fita babu ko takalmi.

Sun riga sun ɗaga Abdulfattah tsaye lokacin da muryar ta fito daga zaure.

"Ku kwance shi. Ni na ba shi."

Kowa ya juya wajen Habibullahi.

"Habibu, ka koma ciki," in ji Abdulfattah. "Ba sai ka..."

"Na warware maka rantsuwar." Ya juya wajen mahaifinsa. "Baba, da shi na dawo, a cikin wandona na ɓoye. Ranar da Abdulfattah ya zo duba ni na cusa masa a hannu, na sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ya je ya ƙona shi."

"Don me?" in ji Baba.

Habibullahi ya sunkuyar da kai.

"Don shi ya hana su kashe ni. Da suka zazzage jakata ogansu ya gani, ya ce in nuna masa. Shi ke nan na zama mai koya musu. Su yi caji da sola, su kwance min hannu ɗaya, su zagaye ni. Yara ne, Baba, wasunsu ba su kai Lailatu ba, in ɗan mutumin cikin wasan ya faɗa rami sai su bushe da dariya." Muryarsa ta karye. "Ranar da direbanmu ya rasu a ɗaure kusa da ni, da yamma suka kawo gem ɗin. Na yi musu. Har na yi dariya tare da su... Da gem ɗin ya lalace ne ogan ya jefe ni da shi ranar da za a sake ni. Ta yaya zan kalli matar direban nan? Ta yaya zan ce wasa ne ya cece ni?"

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Baba ya miƙe da kansa ya kwance igiyar hannun Abdulfattah.

"To su wayoyin fa?" Mu'azu ya ce, shi dai bai haƙura ba. "Da hawa dutse?"

Abdulfattah ya murza wuyan hannunsa, ya durƙusa a kan tabarma. Ya ɗauki wayoyin nan biyu ya soka a fedojin keken ɗinki, ya jera su a ƙasa.

"Rantsuwa biyu ya nema, ɗaya na yi masa," ya ce. "Na ce ba zan faɗa ba, amma ban ce zan ƙona ba. Habibu, lokacin da kake ba ni, sai da na ɓamɓare yatsunka daga jikinsa. Mutum ba ya riƙe abin da ya tsana haka." Ya nuna fedojin. "Maɓallan dama na sauko da su ƙasa. Wannan tsalle, wannan gudu. Hagu ta riƙe hanya, ƙafa ta yi sauran. Ban iya ba, shi ya sa nake hawa dutse in kalli yadda ake yi a waya. Na kuma goge duk wasan da ake harbi a ciki, ko ƙarar bindiga ɗaya ba za ka ji ba."

Ya kunna, ɗan kiɗan nan na yarinta ya tashi. Ya miƙa masa.

"Naka ne tun kafin su taɓa shi. Kai da ƙanwarka kuka ƙona masa gefe."

Habibullahi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zauna a kan dakali, ya karɓa da hagu, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan feda. Ya taka. Ɗan mutumin ya yi tsalle ya faɗa rami. Ya sake takawa, ya sake faɗawa. A na uku ya haye.

Hawaye na zuba a fuskarsa, amma ƙafar ba ta daina takawa ba.

Ko da aka waiwaya neman Mu'azu, ya sulale. Ya yi wata guda bai zo shan kunu ba.

Kwana huɗu Lailatu tana aika abinci shago ana dawo da kula a wanke, babu saƙo. A na biyar ta ɗauka da kanta.

Yana zaune yana ɗaure bayan wani gem, leɓen ya fara warkewa. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka yafe min."

Ya ci gaba da aikinsa.

"Abdul... na san ban cancanta ba."

"Dukan bai dame ni ba, Laila," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Kwana uku na roƙe ki. Shekara biyu muna tare, ban kai kwana uku a wajenki ba?"

Kuka ya ƙwace mata. "Tsoro ne. Wallahi tun da aka ɗauke Yaya ban ƙara yarda da kowa ba, har kaina. Da sun tafi da kai, da ni ma na mutu a tsaye."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dube ta, ya ga yadda ta rame a kwana huɗu, sai ya sauke ajiyar zuciya.

"Ni ma da laifina. Na ga idonki ranar, na san abin da kike tunani, na bar ki da shi." Ya tura mata kujera da ƙafa. "Zauna, sanyin idona. Ko har yanzu an hana ni sunan?"

Ta girgiza kai tana dariya tana share hawaye.

"Amma da sharaɗi," ya ce. "Dutsen guga ba zai kwana ɗaki ɗaya da kayan aikina ba."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure. Baba da kansa ya je gidansu Abdulfattah ya ba iyayensa haƙuri kafin a sake sa ranar, abin da ba a taɓa jin ya yi wa kowa ba.

Ranar da za a kai amarya, ana ta neman Yaya Habibu ya zo su yi sallama. Lailatu ta yaye mayafinta ta leƙa ɗakinsa, ba ya nan. A ƙofar gida ta hango shi a kan dakali, hannun daman a waje kowa na gani, fedoji a gabansa. Kusa da shi 'yar marigayi direban nan ce, wadda ya je da ƙafarsa ya gaida mahaifiyarta a makon da ya wuce. Ita ke riƙe da gem ɗin, shi yana taka mata.

"Yanzu, Kawu! Taka!"

Ya taka a makare, ɗan mutumin ya faɗa rami. Yarinyar ta harare shi, shi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya.

Umma da ke bayan Lailatu ta damƙe hannunta.

"Bar shi," ta ce. "Motar ta jira."