Wurin da Hannun Baba Ya Kuskure

"Kashe shi! Na ce ki kashe shi, Jagoda!"

Da sauri ta danna rediyon, kaset ɗin kiɗan da saurayinta ya haɗa ya tsaya. Ita da ta zata yau Baba zai yi murna har ya manta da ciwonsa, sai ga fuskarsa ta yi jajir. Hannun damansa da ya shanye na kwance a cinyarsa, na hagun yana dukan teburi.

"Wa ya ba shi faifan nan?"

"Ni ce, Baba. A akwatin marigayiya Mama na gan shi, kuma Kornel ya ce..."

"Kornel ya ce! Wannan mai yayyanka kiɗan mutane kamar albasa?"

Shekara talatin mahaifinta Lucjan ya yi yana kaɗa gangunan kiɗan jaz a birnin Poznan kafin ciwo ya zaunar da shi. Mutum ne da ko tafi aka yi ba daidai ba a coci sai ya juyo ya harari mai yin. Shi kuwa Kornel, saurayinta, ɗan kiɗan dram-an-bes ne. Tsofaffin faya-fayai yake bi, ya ciro bugun ganga ya ƙara masa gudu a na'ura, ya sa masa amo mai girgiza ƙirji, sannan ya shimfiɗa fiyano mai sanyi a kai. Ƙafa na gudu, zuciya na hutawa. Abin da ya fara jan Jagoda ke nan, kafin mai kiɗan ya ƙarasa da ita.

"Minti arba'in na buga a faifan nan babu tangarɗa," in ji Baba. "Wuri ɗaya tak hannuna ya kuskure. Wannan wurin ne ɗan banzan nan ya zaƙulo, ya yi ta maimaita shi don yara su yi mini dariya! In dai ina numfashi, ba zan sa wa auren nan albarka ba."

Maganar ta soke ta sosai. Tana son Kornel kamar ranta, amma ba za ta shiga coci ba tare da Baba na riƙe da hannunta ba, ko da kuwa za ta tsufa a gidan. Sai dai Jagoda ba mai kuka a lungu ba ce. Taurin kan nan a wurinsa ta gada.

Ta ɗauki waya ta fita baranda, ta kira Kornel.

"Ranar Lahadi za ka zo cin abincin rana."

"Shi ya gayyace ni?"

"Ni na gayyace ka."

"Masoyiyata, mutumin nan zai jefe ni da kwano fa..."

"Da hagu zai jefa, ba zai same ka ba. Ka zo kawai, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini."

Ranar Lahadi sai ga Kornel da furanni da kek, gashi a taje kamar mai neman aiki. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wandon nan kai da wa za ku shiga?"

"Haka ake yayi, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Zauna."

Jagoda ta zuba romon kaza da taliya. Ta taka ƙafar Kornel ta ƙarƙashin teburi har sau biyu kafin ya buɗe baki.

"Yallaɓai, na yi laifi da ban nemi izininka ba. Ka yi haƙuri. Amma wallahi ba dariya na yi maka ba."

"To me ka yi?"

"Sati biyu na yi ina sauraren faifan nan. Ko'ina daidai yake kamar agogo."

"Ai ba kai za ka faɗa mini ba."

"Amma daidai kam, na'urata ma tana iyawa." Kornel ya ajiye cokali. "Wurin nan ne kaɗai ta kasa. Na gwada kwaikwayonsa ya fi sau ɗari. Hannun ya ɗan tsaya, sannan ya rugo da gudu ya cimma sauran, kamar wanda aka kira sunansa. In na sa shi a wurin rawa, a daidai nan mutane ke ihu. Ni ban san me ya faru da mai gangar ba, amma na rantse ba gajiya ba ce. Wani abu ya gani."

Baba ya ajiye cokalinsa, ya sunkuyar da kai. Jagoda ta matso kusa da shi.

"Baba...?"

"Gilashi ne tsakaninmu da mai ɗaukar sauti," ya ce a hankali, idonsa na kan kwano. "A lokacin ba a barin maza su shiga asibitin haihuwa. Mamanki na naƙuda, ta ce in tafi aikina, in daina cika mata kunne. Muna tsakiyar waƙa aka bugo waya. Mutumin ya rubuta a takarda, ya manna a gilashin."

"Me ya rubuta?" in ji Jagoda.

"Mace ce, duk suna lafiya."

Jagoda ta toshe bakinta da hannu.

"Na roƙi a sake ɗauka, aka ce babu lokaci. Shekara ashirin da huɗu ina jin kunyar wurin nan. Na jefar da faifan, ashe Mamanki ta tsince shi." Ya ɗago ya harari Kornel da jajayen idanu. "Duk masanan garin nan sun ji kuskure. Sai kai, mai wandon buhu!"

Ta zagayo ta durƙusa, ta kwantar da kanta a kan hannun da ya shanye, hawaye na zuba. Ba ta taɓa jin ana son ta irin na yau ba.

"'Yar lelena, tashi, romo zai huce," ya ce, yana shafa gashinta da hagu. "Kai kuma, fiyanon ka cika masa zaƙi. Ka gyara kafin ranar biki, don ba zan yi rawa da 'yata a kan shirme ba."

"Ranar... ranar biki, Yallaɓai?"

"Baba ake cewa. Kurma ne kai?"

Kornel ya rasa inda zai sa kansa don murna, har ya kusa kifar da kwano.

Baba ya ture kwanonsa gefe, ya ɗauki cokali da hagu, ya gyara zama kamar yadda yake yi a bayan gangunansa.

"Jagoda, kunna mana. Ki kai shi daidai inda kika zo duniya."