Jar Jaket

Auta na jera kaya a shagon yayanta sai ta ji sallamar da ta yi kwana da kwanaki tana hana ta barci.

Dogo ne, mai hawa gyaran ƙarfen sabis na waya, wanda Umma ta rantse ba zai auri 'yarta ba. Ba don ya rasa hali ba. Aikin da ya ci mahaifin Auta ke nan, iska ta cika masa riga a can sama ta fizgo shi.

"Jaket nake so, mara nauyi," ya ce, idonsa a ƙasa. "Gobe za a kai mu aiki kan tsauni. An ce iskar can ba ta da mutunci."

Ya ɗauko wata jibgegiya.

"Ajiye, malam. Bargo za ka hau da shi?"

Ya koma kan wata mai faɗi.

"Wannan kuma buhu ce. Iska ta shiga ta kumbura, sai..."

Ta zaro wata ja, shara-shara, mai roba a bakin hannu da igiyar tsukewa a ƙugu.

"Iska ba ta ratsa ta, ba ta kuma riƙe gumi. Daga ƙasa za a hango ka."

Ya saka. Ta zauna masa cif, abin haushi ma ta yi masa kyau.

"Zuciyata... 'yar kawunki ta ce an ba da ke."

"Ƙarya take. Kai take so, kowa ya sani."

"To bari in koma wurin Umma, ko da rarrafe ne."

Abin da bawan Allah bai sani ba, Umma ta sauko tun jiya. Ta dubi yadda 'yarta ta zube, ta ce in dai shi take so, ta yafe.

"Ɗaga hannu in gani," in ji Auta. "Kamar kana hawa."

Ya miƙa hannuwansa sama, yana kamo ƙarfen da babu. Nan take ta hango shi can ƙololuwa, ɗan ɗigon ja, ita kuma a bakin ƙofa da waya a hannu, yau da gobe har tsufa.

"Za ka bar hawa?"

"Ƙannena fa, Auta? Aikin nan kaɗai na iya."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Umma ta yarda."

Fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Ni ce ban yarda ba. Ina sonka, Allah ya sani, kamar in mutu. Amma na ga Umma ranar da aka kira ta kan mahaifina... Ba zan iya ba, Dogo."

Bai roƙa ba, wannan kuwa ya fi mata ciwo.

Ya juya zai fita.

"Ja zif ɗin har wuya," ta ce.

Ya ja, ya tafi.