Magen da Ta Haɗiye Zare

Sufeto ya binciki satar motoci, ya binciki fasa shaguna, amma bai taɓa zaton wata rana zai buɗe fayil saboda mage ba. Sai da ya maimaita karanta ƙorafin, sannan ya ɗauki hularsa yana danne dariya. Dariyar ba ta wuce ƙofar asibitin dabbobi ba, domin likitar da ta tarbe shi babu alamar wasa a fuskarta.

A tsaye ta yi masa bayani. Shekaranjiya wani dattijon tela ya kawo magensa mai suna Gimbiya, tana amai, ta ƙi cin abinci. Shi a tunaninsa magani za a ba ta a sallame su, don haka ya bar ta ya koma shago. Da aka ɗauki hoton cikinta sai ga zare ta haɗiye, ya nannaɗe mata hanji. Likita ta kira wayarsa har ta gaji, ƙarar kekunan ɗinki ba ta bar shi ya ji ba, ita kuma ta ga jira zai kashe dabbar, sai ta yi mata tiyata.

Da tela ya dawo ya ji kuɗin aikin, saura kaɗan ya zauna a ƙasa. Ya ce shi bai ce a tsaga kowa ba. Ita ma ta ce ba ita ta shayar da mage zare ba. Aka rabu baram-baram, mage ta zauna a asibiti. Yau da rana likita ta fita duba wasu shanu, ta dawo ta tarar da keji a buɗe.

"Shi kike zargi ke nan?" in ji Sufeto.

"Wa zan zarga, Yallaɓai? Amma ba kuɗin ne ya kawo ni wurinku ba. Ɗinkin cikinta ɗanye ne. In ba ta samu maganinta ba, ko ta lashi wurin ya buɗe, ba za ta kai jibi ba."

Nan Sufeto ya gane ashe rai yake nema, ba kayan sata kawai ba.

Ɗakin jinyar ƙarami ne, yana warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wani tsohon kare ya ɗaga kai ya dubi Sufeto, ya ga ba abinci ya kawo ba, ya koma barcinsa. Ba a fasa komai ba. A ƙarƙashin kejin Gimbiya akwai wata roba mai siffar mazurari, irin wadda ake sa wa dabba a wuya don kada bakinta ya kai ga ciwo. Robar tana da maɓallin da ake ɓallewa, amma wanda ya cire ta bai san da shi ba, yanka ta ya yi. Bakin yankan kuwa haƙora-haƙora ne kamar na zarto. Sufeto ya juya ta a hannunsa, ya sa a leda.

Ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta rantse ko nan da can ba ta je ba. Sufeto bai musa mata ba. Ya dai sunkuya ya jawo wata 'yar jakar makaranta daga ƙarƙashin teburinta, ya tambaye ta aji nawa mai jakar take.

Nan gaskiya ta fito. Kullum in likita ta fita, takan zare sakatar ƙofar baya ta je ta ɗauko 'yarta daga makaranta, ta kai ta gidan yayarta, ta dawo ba wanda ya sani. Yau ma haka ta yi. Da ya tambayi wanda ya zo da safe, ta ce ƙanin telan ya zo roƙon a rage musu kuɗi, har ta nuna masa magen, ya fita ta ƙofar baya saboda ta fi kusa da titi.

Shagon telan yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da gilashin ido. Tun daga bakin ƙofa zare ke kama takalmin mutum. Ja, fari, shuɗi, ko'ina a ƙasa, ko tsintsiya ta yi yaji ne oho. A kusurwa akwai 'yar tabarma da kwanon ruwa, an cika shi sabo ko da yake mai shan ba ta nan.

Babban tela dattijo ne siriri, tef ɗin awo a wuya. Bai bari Sufeto ya gama gabatar da kansa ba ya fara zuba. A cewarsa magen mutuwa ta yi a hannun 'yan asibiti, suka jefar da ita, yanzu kuma suna neman wanda za su shafa wa kashin kaji. Sufeto ya bar shi har numfashinsa ya ƙare.

"Baba, wannan zaren na ƙasa fa, tun yaushe yake nan?"

Dattijon ya dubi ƙasa kamar yau ya fara ganinta. Muryarsa ta sauka. Ya ce marigayiyar matarsa ce ta tsinci magen tana jaririya, kuma ita ce ke share shagon. Tun da ta rasu shi dai ciyarwa ya sani, bai taɓa tunanin abin da Gimbiya ke wasa da shi zai iya kashe ta ba. Ya yi faɗa a asibiti, gaskiya ne, amma faɗan kunya ne. Tun jiya ya yanke shawarar sayar da babban keken da ke yin aikin ado ya biya.

Sufeto ya ji tausayinsa, amma tausayi ba ya rufe fayil. Ya nemi ganin almakasansu. Daga cikinsu akwai guda mai haƙora, wanda ake yanka bakin yadi da shi don kada ya warware. Ya gwada shi a jikin robar, haƙori ya hau kan haƙori. Dattijon ya dafe tebur, don ya ga inda zargi ya dosa.

A kan babban keken kuwa ƙaninsa ne zaune, wanda kowa ke kira Ƙarami ko da yake furfura ta fara leƙo masa. Tun shigowar Sufeto bai ɗaga kai ba. Ya ce shi bayan ya baro asibiti kasuwa ya wuce sayen maɓallai, bai samu irin waɗanda yake so ba, ya dawo hannu rabbana. Almakashi kuma na kowa ne a shagon.

Sufeto ya gyaɗa kai, ya jawo kwandon ƙyallayen da ke gefen keken da ƙafarsa, yana tonawa kamar mai neman abin goge takalmi. A sama-sama ya ci karo da wasu 'yan ƙyallaye masu laushi guda huɗu, an yanke su a zagaye, kowanne bai fi murfin kwalba ba. Ya jera su a kan tebur, biyu a gaba, biyu a baya.

"Malam Ƙarami, ni ban san ɗinki ba, ka taimaka mini. Wace riga ce ake huda wa ƙofa huɗu?"

Ƙarami ya kawar da kai daga teburin. Yayansa ne ya fara ganewa, domin ido ɗaya ya yi wa ƙyallayen ya san awon wace ce.

"Ƙarami, tana ina?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙarami ya sauke ƙafarsa daga kan keken ya faɗi komai, a hankali, yana kallon gwiwoyinsa. Da keken nan yake ciyar da iyalinsa, kuma ya ji yayansa yana ciniki a kansa saboda mage. Sai ya yi lissafin cewa in ta ɓata a hannun asibiti, ba su da bakin neman ko sisi. Ya laɓe har ma'aikaciyar ta fita, ya shiga da jakar kai ɗinki. Robar wuyan ta hana magen shiga jaka, ya yanke ta da abin da ke aljihunsa. Niyyarsa in ƙura ta lafa ya sake ta a ƙofar shago, a ce ita ta gano hanya. Da ya kai ta ɗakin ajiyar kayansa ya ga ta dage da lasar ciwon, shi ne ya dawo a gurguje ya ɗinka mata riga.

"Wallahi, Yaya, ban yi nufin cutar da ita ba."

Yayan ya riga ya kai ƙofa.

A ɗakin ajiyar suka same ta kwance cikin kwali, sanye da riga mai kyan ɗinki, har da maɓallai a gadon baya. Ko a cikin tashin hankali Ƙarami bai iya yin aikin banza ba. Sai dai rigar ta jiƙe ta ƙasa, jikin magen ya yi zafi, ko kuka ba ta iya yi. Dattijon ya ɗauki kwalin da hannu biyu, Sufeto ya tuƙa su asibiti da saurin da bai saba yi ba.

Likita ta ɓalle rigar ta duba. Ɗinki ya buɗe, dole a sake shiga tiyata, kuma ba za ta yi alƙawarin komai ba. Garin neman gira Ƙarami ya rasa ido, aikin da yake gudu ya zama biyu. Dattijon ya sa hannu a takarda ba tare da ya tambayi ko nawa ba ne.

A waje wani kofur ya iso da motar ofishin 'yan sanda. Sufeto ya shaida wa Ƙarami cewa za a tuhume shi da shiga wuri ba izini da sata, shi kuma ya miƙa hannuwansa ba gardama. Dattijon ya fito ya tsaya tsakanin motar da ƙofar asibiti. Uwa ɗaya ta haife su, shi ya koya wa Ƙarami riƙon almakashi, kuma a ciki ga abin da matarsa ta bar masa yana kwance a kan tebur. Sufeto ya kawar da kai, domin abin ya taɓa masa zuciya.

Dattijon ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, yana da gyambon ciki. Don Allah kada a bar shi da yunwa."

Sufeto ya ce shi da kansa zai kula da shi. Ƙarami ya ji, ya sunkuyar da kai yana kuka a kujerar baya. Motar ta tashi, dattijon kuma ya koma ciki ya zauna a kan benci, yana fuskantar ƙofar ɗakin tiyata.