Ɗaki Mai Ƙofar Baya

Da hantsin ranar 'yancin kai, Sakkwato duk ta ɗunguma fili kallo, aka aiko wa Saje Gidaɗo na 'yan doka cewa an sace yaro a masaukin Maigandi, bayan tashar mota. Ɗan shekara biyu, sunansa Muntari.

Ya tarar da uwar, Rahmatu, zaune a ƙasa, ido a bushe, tana murza bakin zane har zare na fita. Wanka ta shiga, ta fito ba yaro. Mijinta Malam Hayatu, malamin awon gyaɗa a Gusau, shi ya kawo su hutu su ga biki. Shi kam kuka yake har da majina, yana ihun a kama mai masauki.

Gidaɗo ya leƙa ɗakin. Gadon kara, tabarma, zafi kamar tanda, sai wata ƙofa ta baya da ke buɗewa cikin tasha. Agogon Hayatu na kan akwati, ba a taɓa ba. Amma rigunan yaro babu, ɗan ƙoƙon kununsa ma babu. Ikon Allah, ɓarawo da tuna ƙoƙon kunu!

Maigandi yana zaure a ɗaure, tuni kuratan 'yan doka sun fasa masa baki.

"Ranka shi daɗe, tun kafin yaƙi nike saukar baƙi, ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

"Wa ya ba su wanga ɗaki?"

"Malam Hayatu shi yaz zaɓa. Na nuna mai na cikin gida, ga inuwa, ga rijiya, ga araha. Yac ce a'a, na kusa da mota shika so."

Aka kawo Haruna ɗan garuwa, wanda ya zuba ruwan wanka. Mata huɗu suka rantse bai bar bakin rijiya ba tun daga nan. Gidaɗo ya kore shi, ya fita ta ƙofar baya, ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai ƙosai.

"Inna, kin ji kukan yaro ɗazu?"

"Kuka? Dariya dai. Uban nai yaɗ ɗauko shi bisa wuya, yas sai mai ƙosai, sunka shige cikin motoci. Har nic ce kai, wanga uba da son ɗiya!"

Gidaɗo ya koma wurin Rahmatu. Ya lura tun zuwansa ba ta ambaci sunan ɗanta ba, sai "yaron".

"Na fari ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Malam yakan ɗauke shi?"

"Haba Yallaɓai, ɗan fari? Ko inda yake bai kallo gaban mutane. Kunya ai."

Gidaɗo ya so a ce ɓarawo ne. Ya juya ga Hayatu.

"Malam, share majinar nan. Mai iyali da ke neman masauki, araha yake bi da inuwa, kai ka bi ƙofar tasha. Ɓarawo ba ya barin agogo ya kwashi rigunan yaro. Yaro ba ya dariya a hannun baƙo. Kuma uban da bai taɓa ɗaukar ɗan farinsa ba, bai ɗora shi a wuya sai ranar sallama. Wa ka ba?"

Kukan ya ɗauke kamar ruwan bazara. Hayatu ya gyara hula.

"Yayata Atika, tana aure Argungu. Allah bai ba ta haihuwa ba, na yi mata alkawarinsa tun yana ciki. Wagga ta ƙi, a Gusau kuma 'yan'uwanta sun tsaya mata. Nan ba ta da kowa."

"Shi ne ka bari ta ɗauka an sace shi? Ka sa aka fasa bakin tsoho?"

"Da ta yi kuka ta haƙura. Tsoho kuwa ai bai mutu ba." Ya dubi Gidaɗo ido cikin ido. "To Saje, wane alƙali zai ɗaure uba don ya ba yayarsa riƙon ɗan da aka yaye?"

Gidaɗo ya tsani mutumin nan har cikin ransa. Amma ya daɗe yana kai mutane gaban shari'a, ya san amsar. Motar Argungu kuwa ta yi nisa. Ya sa aka kwance Maigandi.

Rahmatu ta rarrafo ta kama ƙafar mijinta.

"Malam, don Allah, ko ganinsa in riƙa yi. Bai barci sai ya riƙe yatsana."

"Kika taka Argungu, a bakin aurenki." Ya janye ƙafarsa. "Tashi ki wanke fuska ki ɗaura sabon zanenki. Kallo munka zo, kuma na kama ɗakin har jibi."

Ta dubi Gidaɗo. Ya kau da kai, ya matsa daga bakin ƙofa ya ba su hanya.